Gari da Ƙauye a Ƙarƙashin Majalisa Ɗaya: Nazarin Unguwanni da Yankunan Karkara na Ƙaramar Hukumar Toowoomba a Ostireliya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda unguwannin birni da yankunan karkara suke zaune a ƙarƙashin ƙaramar hukuma ɗaya, inda ta ɗauki Toowoomba da ke jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya a matsayin abin nazari. A shekarar 2008 aka haɗe birnin da ƙananan hukumomin karkara 7 da ke kewaye da shi. Takardar ta nuna cewa haɗewar ta warware matsalar unguwannin bakin gari, waɗanda suka daɗe da tsallake iyakar birnin, amma ta jawo garuruwa masu nisa cikin majalisar ba tare da an tanadar musu tabbatacciyar murya ba. An bi batun ta fuskar sanya suna da iyaka, da ruwan sha, da haraji, da wakilci.

1. Gabatarwa

Toowoomba tana kan tudu mai tsayin kusan mita 700 daga teku, kimanin kilomita 125 yamma da Brisbane, babban birnin jihar. Daga bakin tudun ƙasa take shimfiɗuwa zuwa yamma, baƙar ƙasa mai albarka da ake kira Darling Downs, inda ake noman alkama da dawa da auduga, ana kuma kiwon shanu. Ƙasar asali ta al'ummomin Giabal da Jarowair ce, kafin Turawa makiyaya su shigo da tumakinsu a shekarun 1840. Garin ya sami majalisarsa a 1860, aka ɗaga shi zuwa matsayin birni a 1904.

Kafin 2008 faɗin ƙaramar hukumar birnin bai kai murabba'in kilomita 120 ba. Yau ya kusa 13,000, wato ya zarce rabin faɗin jihar Kano, amma ƙidayar 2021 ta sami mutum 173,000 da 'yan kai ne kawai a cikinsa. Kimanin 142,000 daga cikinsu suna zaune a birnin da unguwannin da suka manne masa. Sauran suna warwatse a garuruwa irin su Oakey da Pittsworth da Crows Nest da Clifton da Millmerran da Yarraman, da gonakin da ke tsakaninsu. Tambayar da takardar ta sa a gaba ita ce: idan mutum 8 cikin 10 suna zaune a kusurwa ɗaya ta ƙaramar hukuma, yaya makomar sauran biyun da ke riƙe da kusan dukkan ƙasar?

2. Suna da iyaka

A Queensland ba ƙaramar hukuma ke da ikon ƙarshe kan sunan wuri ba. Dokar sunayen wurare ta 1994 ta ɗora wannan a kan gwamnatin jiha, majalisa dai tana ba da shawara. An yanka jihar gaba ɗaya gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunanta da iyakarta, babu tazara tsakanin wannan da waccan. Wadda take cikin birni ana lissafa ta a matsayin unguwa, wadda take waje kuma yankin karkara. Saboda haka babu gona ko daji da ba ya cikin wani wuri mai suna, ko da mazaunansa ba su cika motar haya ɗaya ba.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa a bakin hanyar karkara. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Pittsworth zuwa cikin gonaki zai riƙa ganin lamba a jikin turke ko akwatin wasiƙa a ƙofar kowace gona, kuma lambobin ba sa bin juna ɗaya, biyu, uku. Ana auna nisan ƙofar daga farkon hanyar da mita, a raba gida goma. Ƙofar da ke ɗauke da 1250 tana nisan kilomita 12 da rabi daga mafarin hanya. Lambobin mara suna hagu, na cika suna dama. Direban motar asibiti da aka kira da tsakar dare ba ya buƙatar kwatance da bishiya ko rijiya, ma'aunin nisa na motarsa ya ishe shi. A ganina wannan shi ne abu mafi kyau a cikin tsarin gaba ɗaya, domin ya ba manomin da ke ƙarshen hanya adireshi mai ƙarfi daidai da na mai gida a tsakiyar birni.

Sai dai rabon gida biyu, unguwa da karkara, ya ɓoye wani rukuni na uku, kuma a kansa ne rigimar take.

3. Bakin gari

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 Toowoomba ta cika iyakarta ta tumbatsa. Masu neman fili mai faɗi da araha suka fita. A arewa, kimanin kilomita 13, Highfields ta tashi daga yankin masu shanun madara ta koma matsugunin ma'aikata, amma tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Crows Nest. Glenvale da Cotswold Hills a yamma suna hannun Jondaryan, wadda hedikwatarta ke Oakey. Gowrie Junction da Kingsthorpe na Rosalie ne. Hodgson Vale da Wyreema a kudu na Cambooya ne. Mutanen waɗannan wurare da safe su shiga birni aiki, a can 'ya'yansu da yawa suke karatu, a can suke asibiti da kasuwa, suna taka titunan birnin kullum, amma harajin filinsu yana tafiya wata majalisa dabam. Kowace majalisa kuma da nata tsarin yanka filaye. Abin da birni ya hana a wannan gefen titi, maƙwabciya tana iya amincewa da shi a wancan gefen, domin kowane sabon gida ƙarin mai biyan haraji ne a gare ta.

Ba wannan ne karo na farko da aka fuskanci haka ba. A 1949 an rushe ƙananan hukumomin Drayton da Highfields aka rarraba ƙasarsu. Drayton ma ta girmi Toowoomba, a nan Turawa suka fara kafa gari, yau ga ta unguwa ce a kudu maso yammacin birnin da ya taso a bayanta.

Mai karatu daga arewacin Nijeriya zai gane wannan ciwo, ko da yake maganin da aka sha ya bambanta. Birnin Kano ya bazu a ƙananan hukumomi 8, Ungogo da Kumbotso da a da ake ɗauka ƙauye yanzu gari ya cinye su, kuma hanyar da aka bi a can ita ce ƙara yanka ƙananan hukumomi. Queensland ta bi akasin haka.

4. Haɗewar 2008

Kundin tsarin mulkin Ostireliya bai ambaci ƙananan hukumomi ba. Sau biyu, a 1974 da 1988, aka nemi a saka su ta ƙuri'ar raba gardama, duka aka faɗi. Don haka majalisar dokokin jiha ce take ƙirƙirar su, ita kuma take iya rushe su. A 2007 gwamnatin Firimiya Peter Beattie ta kafa hukumar garambawul, wadda cikin 'yan watanni ta ba da shawarar rage majalisu daga 157 zuwa 73. Mutanen karkara suka yi ca. Gwamnatin tarayya ta John Howard ta ɗauki nauyin jin ra'ayin jama'a a wuraren da abin ya shafa, masu ƙin amincewa suka yi rinjaye ƙwarai, amma sakamakon bai ɗaure hannun jiha ba. Ranar 15 ga Maris 2008 birnin Toowoomba da Cambooya da Clifton da Crows Nest da Jondaryan da Millmerran da Pittsworth da Rosalie suka zama abu ɗaya.

Idan aka dubi taswira da idon basira, za a ga huɗu daga cikin bakwai ɗin, wato Crows Nest da Rosalie da Jondaryan da Cambooya, su ne unguwannin birnin suka kutsa cikinsu. Hujjar haɗe su a bayyane take. Clifton da Pittsworth da Millmerran ba su da wannan matsala. Millmerran tana nisan kusan kilomita 80 daga birnin, tana da tashar wutar lantarki mai aiki da kwal da gonaki da dazuzzukanta. Hujjar da aka kawo a kansu ita ce ƙanƙanta: majalisar da masu biyan harajinta ba su wuce 'yan dubbai ba, ba za ta iya ɗaukar ƙwararrun injiniyoyi ko sabunta gadoji da matatun ruwa ba. Hujja ce mai nauyi, amma ba irin ta farko ba ce, kuma an ɗaure su biyun da igiya ɗaya. Wani abin lura kuma shi ne Withcott, wadda ke gindin tudun ta gabas, 'yan mintoci daga tsakiyar birni, an bar ta a ƙaramar hukumar Lockyer Valley. Wato sabuwar iyakar ta kamo mai nisan kilomita 80, ta bar na kusa da ƙofa.

A 2013 wata sabuwar gwamnati ta ba wurare huɗu damar ƙuri'ar ficewa: Noosa da Douglas da Livingstone da Mareeba. Duka huɗun suka zaɓi komawa gidansu, suka koma a farkon 2014. Babu ko ɗaya daga yankunan Toowoomba a cikinsu.

5. Ruwa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin ruwa ne ya fi komai tona yadda birni da ƙauye suke ɗaure da juna. Toowoomba tana kan tudu, ba ta da babban kogi. Madatsunta uku, Cooby da Perseverance da Cressbrook, duk suna wajen tsohuwar iyakar birnin, a arewa da arewa maso gabas, kuma sai an turo ruwan da injin ya hau tudu. A lokacin dogon farin da ya addabi ƙasar a shekarun 2000, magajiyar gari Dianne Thorley ta kawo shawarar a tace ruwan da aka yi amfani da shi a mayar cikin madatsa. Ranar 29 ga Yuli 2006 aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a'a. Abin da ya shafi wannan takarda shi ne waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar: mazauna birni ne kawai. Mutanen da madatsun ke ƙasarsu, da na maƙwabtan garuruwa masu shan ruwa daga bututu ɗaya, iyaka ta hana su magana. Babu hujjar haɗewa da ta fi wannan ƙarfi.

Ruwan madatsun ya ci gaba da janyewa har ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. A ƙarshe aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 38 daga madatsar Wivenhoe zuwa Cressbrook, aka kammala a farkon 2010. Bashin aikin da kuɗin turo ruwan suka hau kan sabuwar majalisa. Nan fa tambaya ta tashi: mutumin Millmerran ko Clifton, wanda garinsa ke shan ruwan rijiyoyin burtsatse, ɗigo ɗaya na Wivenhoe bai taɓa shiga famfonsa ba, me ya haɗa shi da wannan nauyi? Amsar ta zo bayan kusan shekara 10. A farin 2019 rijiyoyin Clifton suka gaza, aka koma kai wa garin ruwa a tankoki, mota na bin mota a kan hanya. Tsohuwar ƙaramar hukumar Clifton, da 'yan kuɗinta, da wuya ta jure wannan na tsawon watanni. Babbar majalisa ta jure. Zaman ya yi kama da na gidan gandu: wanda ya yi ƙorafin ana ɗibar hatsinsa a ciyar da ɗakin wani, wata shekarar shi ake ɗebo wa daga rumbun.

Amma akwai wanda lissafin bai kai gare shi ba. Manomin da ke zaune a yankin karkara na ainihi, wajen kowane gari, ba shi da famfon hukuma kwata-kwata. Ruwansa na tankin da ke tare ruwan rufin kwano ne da rijiyarsa, masai nasa ne shi ya haƙa, shara shi yake kai ta juji. In fari ya yi, da kuɗinsa yake sayen ruwan tanka. Abin da ya haɗa shi da majalisa kusan abu ɗaya ne: hanya.

6. Haraji da hanya

Babban kuɗin shigar majalisa harajin fili ne, wanda ake lissafawa bisa darajar da ofishin ƙiyasta filaye na jiha ya ɗora wa ƙasar. Doka ta ba majalisa dama ta kasa masu biya rukuni-rukuni, gidan zama da gona da masana'anta da mahaƙar ma'adinai, kowa da ma'auninsa. Bayan haɗewa sai da aka ɗauki shekaru ana daidaita ma'aunai 8 daban-daban. Gona tana da faɗi, darajarta tana hawa duk lokacin da kasuwar filaye ta yi zafi, ko an yi girbi ko ba a yi ba. Shi ya sa manomi yake auna adalcin majalisa da abu ɗaya: yaushe rabon da motar gyaran hanya ta bi ta ƙofarsa?

Majalisar tana kula da hanyoyi fiye da kilomita 6,000, da yawansu ba kwalta. Baƙar ƙasar yankin tana kumbura da damina ta tsage da rani, ba ta barin hanya ta daɗe. A da mai tuƙa motar gyaran ɗan garin ne, ya san kwalbatin da ke toshewa, kansila kuma maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a kasuwar shanu. Yanzu ana kiran lamba ɗaya a shigar da ƙorafi a kwamfuta, ya shiga layi tare da na sauran wurare. Majalisa ta bar ofisoshi a tsoffin hedikwatoci irin su Oakey da Goombungee da Pittsworth da Millmerran, ana biyan kuɗi ana karɓar takardu, amma ba a nan ake yanke shawara ba.

A lokaci guda, unguwannin bakin gari suna ta girma, kowane sabon rukunin gidaje yana neman bututu da magudana da titi da wurin wasan yara. Tun 2011 jiha ta ƙayyade iyakar abin da majalisa za ta iya karɓa daga masu gina rukunin gidaje don waɗannan ayyuka; abin da ya rage daga baitulmalin kowa yake fita. Don haka wanda ke gogayya da ƙauye mai nisa a kan kasafi ba tsohuwar unguwar cikin birni ba ce, wadda bututunta ya daɗe a ƙasa. Highfields ce da Westbrook da ire-irensu, wuraren da jiya suke karkara. Rahoton da ya tsaya a kan birni da ƙauye kawai ba zai ga wannan ba.

7. Inda ikon majalisa ya ƙare

Wurare biyu sun nuna cewa manyan abubuwan da ke sauya rayuwar ƙauye sau da yawa sun fi ƙarfin majalisa, ƙarama ce ko babba. Acland tsohon garin masu haƙar kwal ne a arewacin Oakey, tsohon raminsa ya rufe a 1984. A 2002 aka buɗe sabuwar mahaƙa ta sarari kusa da shi, kamfanin ya saye yawancin gidajen garin. Gidajen yankin na katako ne a kan turaku, sai aka riƙa ɗaga su ana ɗorawa a manyan motoci. Tituna suka rage, da dandalin tunawa da sojojin garin da suka mutu a yaƙi. Shari'a kan faɗaɗa mahaƙar ta kai har kotun ƙoli ta ƙasa a 2021, jiha ta ba da izini a 2022. Har yau Acland yana nan a jerin sunayen hukuma da iyakarsa cif, mutanen ne kusan babu.

Oakey kuwa sinadarin kumfar kashe gobara da aka yi shekaru ana amfani da shi a sansanin jiragen soja ne ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasarta. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince ta biya dalar Ostireliya miliyan 212.5 ga mazauna Oakey da wasu garuruwa biyu, Williamtown da Katherine. Izinin haƙar ma'adinai na jiha ne, sansanin soja na tarayya. Abin da ya rage wa majalisa a irin wannan hali shi ne ta zama bakin mutanenta, kuma ƙarfin wannan baki ya dogara ga waɗanda ke zaune a kujerunta.

8. Wakilci

Majalisar Toowoomba tana da magajin gari da kansiloli 10, ba a kuma raba ta mazaɓu ba. Kowane mai zaɓe, daga tsakiyar birni har Yarraman, yana zaɓen goma daga jeri ɗaya, kuma kaɗa ƙuri'a wajibi ne. A lissafi, birni shi kaɗai zai iya cike kujerun duka.

Masu kare wannan tsari suna da hujja mai kyau. Magajin gari na farko bayan haɗewa, Peter Taylor, tsohon shugaban Jondaryan ne. Wanda ya gaje shi a 2012, Paul Antonio, manomi ne kuma tsohon shugaban Millmerran, ya riƙe kujerar har 2023. Shekara 15 ke nan mutanen karkara suka yi suna jan ragamar. Sai dai waɗannan mutane sun yi suna ne a tsoffin majalisun da aka rushe. A can suka koyi aiki, a can jama'a suka san su. Wannan makaranta an rufe ta. Matashin Clifton ko Cecil Plains da ke son tsayawa yau dole ya nemi ƙuri'a a wurin dubban mutanen birni da ba su taɓa jin sunansa ba, da kuɗin yaƙin neman zaɓe na yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 13,000.

Raba mazaɓu shi ne maganin da ake yawan ambata, amma yana da iyaka. Dokar jiha ta buƙaci yawan masu zaɓe a mazaɓun majalisa ya yi kusan daidai, don haka karkara ba za ta samu fiye da kujeru biyu cikin goma ba, kowace kuma za ta haɗa garuruwan da ba su da wata alaƙa. Sauran takwas ɗin za su iya cewa ƙauye ba ruwansu. Duk da haka ina ganin kujera biyu tabbatattu sun fi goma da ba a san ta wane ba, matuƙar an haɗa da abubuwa biyu. Na farko, majalisa ta riƙa wallafa abin da ta tara da abin da ta kashe a kowace gunduwa mai suna. Iyakokin suna nan, hukumar ƙidaya ma tana fitar da alƙaluma da su, aikin bai wuce a jera kasafi a kansu ba. Na biyu, a ba kowane tsohon gari kwamitin mazauna mai ɗan kasafi na kansa, wanda zai yanke shawarar wace hanya za a fara gyarawa da wane zauren taro za a yi wa rufi, kuma injiniyan majalisa ya zo ya zauna da su a garinsu kafin a rufe kasafin shekara, ba bayan an rufe ba.